Miliyan 3 na hannuna, ƙanin maigida yace aplikasiyon, ɗan yayata yace shagon batir

Saƙon wannan satin daga wata baiwar Allah ne a Marwa ta arewacin Kamaru, tace kar a faɗi sunanta, toh ba za mu faɗa ba. Na ɗan taƙaita shi saboda tsawo, ga abinda tace:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce ina sayar da atamfa da leshi, maigidana ya rasu shekara biyu kenan ya bar min yara huɗu. Tsakanin adashin da na kwasa da shanu biyu da na sayar na haɗa sefa miliyan 3. Ƙanin maigidana yazo min da wata aplikasiyon a waya, wai ana zuba kuɗi a kamfanonin Amurka masu ƙera ondulor da batir na manyan ɗakunan kwamfuta, wai yanzu duk kuɗin duniya can ya koma, kuma duk wata za a bani kashi 15 cikin ɗari, shi har ya cire riba sau biyu ya nuna min a wayarsa. A gefe ɗaya kuma ɗan yayata ya koyi aikin wuta, yana ɗaura wa masu sibar da farmasi da masu kiyos ɗin tura kuɗi batir da sola, yana so in zuba kuɗin a wajensa ya buɗe shago mu dinga raba riba. In na ba ɗaya ɗayan zai ji haushi, kuma ƙanin maigidan shi ke tsaye kan lamarin yaran tun rasuwar. Wallahi bacci ya gagare ni."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida ya raya abinda ya bari, ya kuma sa albarka a wannan abin da kika tara, dan nasan miliyan 3 a hannun mai marayu huɗu ba rana ɗaya aka haɗa ta ba, an sha rana an sha ƙura kafin ta taru.

Bari in fara da wanda baya buƙatar dogon tunani. Wannan aplikasiyon ɗin kar ki saka mata ko sisi. Zan faɗa miki dalili, amma ko baki karanta sauran ba ki riƙe wannan.

Abinda yasa maganar ƙanin maigidanki take shiga kunne shine rabinta gaskiya ne, kuma mu ƴan arewa ba sai an mana bayani ba. Mun san yadda ake in bazara ta kama, ruwan Lagdo ya ja baya, wannan madatsar da aka gama tun 1982 ƙarfinta megawat 72 ne ko da tana cike, ita ce ta daɗe tana ɗauke da Gaundare da Garwa da Marwa gaba ɗaya, toh in ruwa yayi ƙasa sai a shiga rabon kuran unguwa unguwa. An ƙara tashoshin sola a Marwa da Gidar, kowacce ta fara da megawat 15, an samu sauƙi gaskiya amma har yanzu mai shago baya sakin jiki. Kuma yau komai ya rataya a rezo wato sabis ɗin waya da intanet, tura kuɗi, rajistar jarabawar yara, takardun duwan, har sakamakon gwajin asibiti. Kowace eriyar waya da kika gani a bakin hanya akwai tarin batir a gindinta da gurup wato janareta a gefe. Irin wannan buƙatar ce a ƙasashen waje sai dai tasu ta manya ce, gine gine ne cike da kwamfutoci waɗanda ko ƙiftawar ido ba a yarda wuta ta yanke musu ba, ondulor shi ke riƙe su na ƴan mintuna kafin gurup ya tashi ya karɓa. Hukumar makamashi ta duniya IEA tace a 2024 waɗannan cibiyoyin sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na duk wutar da duniya ta sha, kuma tana hasashen zuwa 2030 abin zai ninka. Kamfanonin da ke sayar musu da kayan ma sanannu ne, akwai Schneider Electric na Faransa wanda ya sayi kamfanin ondulor na APC a 2007, wannan APC ɗin da kike gani ƙarƙashin teburin ma'aikatan banki, akwai Eaton, akwai Legrand, akwai Vertiv na Amurka da ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2020. Duk suna nan, suna ciniki, suna samu.

Amma Hajiya ba ɗaya daga cikinsu da yake biyan mutum kashi 15 duk wata, babu. Wanda ya sayi hannun jarinsu na gaskiya hanya biyu yake samu, ɗan rabon riba wanda galibi a shekara guda cur bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na kuɗin da ya saka ba, sai kuma in farashin hannun jarin ya tashi ya sayar. Farashin kuma ba wanda ya riƙe linzaminsa. Ki ɗauki Vertiv ɗin nan, a 2022 hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da dalar Amurka 10, a 2024 ya haura 100, wanda ya riƙe ya ji daɗi sosai, sai ga ranar 27 ga Janairun 2025 labari ya bazu cewa wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek ya haɗa manhajarsa da kuɗi kaɗan, mutane suka tsorata cewa ƙila ba za a buƙaci manyan cibiyoyin nan kamar yadda aka zata ba, a yini ɗaya farashin Vertiv ya zube da kusan kashi 30. Toh abinda yake iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin safe da yamma, ta ina wani zai zauna ya miki alkawarin adadi tsayayye duk ƙarshen wata?

Ki yi lissafin da kanki, ke ƴar kasuwa ce. Kashi 15 na miliyan 3 sefa dubu 450 ne a wata, a shekara miliyan 5 da dubu 400, in kuma ana mayar da ribar ciki kamar yadda suke kwaɗaita wa mutane kuɗin zai haura miliyan 16 kafin shekara ta zagayo. Wace atamfa ce ta taɓa miki haka? In da akwai sana'ar da ke haihuwa irin wannan, manyan Alhazan Garwa masu tireloli da bankunan Duwala sun riga kowa, ba za a biyo ta wayar ƙanin maigidanki ana neman miliyan 3 ɗinki ba. Ribar da ya cire sau biyu kuma kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne aka gutsura aka bashi, kuma an bashi ne dan ya je ya kawo irinki. Mun gani a ƙasar nan, MIDA a Yawunde a 2018 dubban matasa suka yi layi suka zuba kuɗi har hukuma ta rufe wajen, maƙwabtanmu na Najeriya sun ga MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. Wancan karon da sunan taimakon juna aka zo, wannan karon da sunan ondulor, saboda sun san shine abinda ake yayi.

In kina so ki tabbatar ba sai kinyi gardama da kowa ba, tambaya ɗaya ce. A yankinmu na CEMAC duk wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan hannun jari sai yana da lasisin COSUMAF, hukumar da ke Librebil, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta ba lasisi. Ki ce a nuna miki sunan kamfanin aplikasiyon ɗin a wannan jerin, a kuma nuna miki ofishinsu da ƙafa, inda za ki shiga ki zauna a kujera. Za ki ji an fara cewa ai na waje ne, ai komai a intanet yake, ai dama ta kusa rufewa ki yi sauri.

Za ki iya cewa toh in sayi na gaskiyar mana. Ana iyawa, amma hanyar tana da tsawo. Kasuwar hannun jarinmu BVMAC da ke Duwala kamfanonin cikinta basu fi a ƙirga da yatsu ba, irinsu Socapalm da Safacam na manja da roba, da SEMC masu ruwan Tangui, da ƴan bankuna, babu mai ƙera ondulor ko ɗaya. Na waje kuma sai an bi ta banki ko dillali mai lasisi, da dosiye, da dokokin BEAC, babban bankin yankinmu, na fitar da kuɗi waɗanda aka tsaurara tun 2019, kowane mataki da kuɗin da za a cire. Schneider da Legrand da yuro ake saye, shi kam sefa a ɗaure take da shi, yuro ɗaya 655.957, amma na Amurka dala ce tana hawa tana sauka ta ƙara miki wani haɗarin a kan na farko. Ga kuma tambayar malamai ta yawan bashin ruwa da ke kan kamfani kafin a ce hannun jarinsa ya halatta. Mai albashi da ya ajiye rarar da ba zai waiwaya ba shekara goma, wannan zan iya ce masa ya gwada da kaɗan. Ke kuɗin nan shine katangar yaranki, bana so ki kai shi inda in an tashi da rashin lafiya da dare ba za ki iya taɓa shi ba.

Yanzu maganar ɗan yayarki, nan ne nake so mu daɗe, dan nan ne akwai sana'a ta gaske kuma nan ne mutane suke asara ba tare da kowa ya cuce su ba.

Ni na taɓa riƙe sibar a Garwa, kwamfuta takwas da injin fotokofi. Na tara kuɗi na sayi batir huɗu manya da inbata dan in daina korar yara masu cike takardun jarabawa duk lokacin da aka ɗauke kuran. Mai sayarwa yace min shekara biyar zan yi ban waiwaye su ba. Muka jera su a wani ɗan lungu bayan shagon, rufin kwano, ba taga. Bazara ta biyu ina buɗe lungun da rana sai wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, na taɓa batir ɗaya da bayan hannu zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, cikinsa ya kumbura gefen ya fito kamar burodi, kan tagullar duk yayi farin gari. Da aka ɗauke wuta ranar ko minti ashirin basu riƙe ba, ina kallon wata yarinya da ta kusa gama cike fom ɗinta allon ya mutu a gabanta, ta juyo tana kallona idonta ya kawo ruwa. Daga baya ne wani tsohon ma'aikacin eriya ya zaunar da ni ya min bayani, shekarun da ake rubutawa a jikin batir mai dalma an auna su ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Ke kin san Marwa a watan Maris da Afrilu, 40 ake wucewa a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Na shekara biyar sai ya zama na shekara ɗaya da ƴan watanni, kuma mai kaya wajen wanda ya ɗaura masa zai dawo da faɗa, in ɗan yayarki ne ya ɗaura toh daga jarinki za a biya.

Shi yasa kafin ki bashi komai nake so kiyi abu ɗaya da ƙafarki. Ki ce ya kai ki wajen mutum uku da ya ɗaura wa kaya sama da shekara ɗaya da ta wuce, ba na watan jiya ba, sabon aiki kowa nasa kyau yake. Ki bar shi a waje ki shiga ki tambayi mai shagon, awa nawa yake riƙe maka yanzu, da farko awa nawa ne, in ka kira shi yana zuwa, ya taɓa canja maka wani abu a garanti. Ki leƙa inda aka ajiye batiran, akwai iska, an ɗaga su daga ƙasa, wayoyin a ɗaure suke tsaf ko a watse kamar taliya. Ba sai kin san aikin wuta ba, mace mai gane atamfar gaske da taɓawa za ta gane aikin da aka yi da kulawa.

Sai ki tambaye shi a ina yake saro kaya. Kasuwar batir cike take da jabu, ana manna takarda mai kyau a kan kwalin da dalmar cikinsa rabi ce, kuma dalma nauyi gareta, batir na gaske mai lamba 200Ah yana kaiwa wajen kilo 55 zuwa 60 ko fiye, in yaro ɗaya ya ɗaga shi da sauƙi toh akwai magana. Ko ta Duwala kayan suka hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare ko ta Mubi suka shigo, dole a samu faktir da garanti a rubuce daga wajen dilan da za a iya komawa wajensa. Kuma batir ba atamfa bane da za ki jibge a shago ki jira sallah, yana zaune yana zubar da caji yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, dan haka in yace zai cika shago da batir na miliyan 2 ki ce a'a. Ki tambaye shi ra'ayinsa kan na lityum, sun fi tsada a farko amma sun fi jure caji da saukewa sau dubbai, yaron da ya san aikinsa zai miki bayanin wane kwastoma ya dace da wanne, wanda bai sani ba zai ce duk ɗaya ne.

Abu na gaba bashi. Wannan sana'ar bashi ke kashe ta fiye da zafi ma. Ofis ko makaranta ko asibiti za su ce a ɗaura a kawo faktir, wata shida ana zuwa ana dawowa, yaro kuma yana jin kunyar manya. Ku sa doka tun farko, mai so ya bada kuɗin kaya ko mafi yawansu kafin a saro, ragowar ranar da aka kunna. Kuma ki ja hankalinsa kan cewa ribar da ke ɗorewa tana wajen kulawa, ya dinga zagaya kwastomominsa duk wata ko wata biyu yana share ƙurar sola yana duba batir ana bashi ɗan wani abu, mai farmasi da firjin allurai ko mai kiyos da cinikinsa ke tsayawa in rezo ya faɗi ba zai ƙi biyan wannan ba in ya ga amfaninsa, da hunturu kuwa ƙura kaɗai tana rage ƙarfin sola sosai.

In duk wannan ya miki, ki fara da miliyan 1, ba 3 ba. Ku rubuta takarda gaban shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarenki ɗaya daga nasa, yayarki ma ta sani ta gani. Irin wannan haɗin malamanmu na Malikiyya suna kiransa ƙiradi, ke da jari shi da aiki, riba a raba da kaso da aka yarda tun farko, rabi da rabi ko yadda kuka daidaita, ba a yanka adadi tsayayye a ce duk wata zai baki kaza, kuma in asara tazo ba da sakacinsa ba a kan jari take faɗawa shi kuma ya tafi da wahalarsa a banza. Ki san wannan tun yanzu dan kar ranar da abu ya faru zumunci ya tsage, ki samu malamin unguwarku ya ƙara miki bayani kafin ku sa hannu. Kuɗin sana'ar su zauna a kont daban ba a aljihunsa ba, da littafi da za ki duba duk ƙarshen wata, in abin ya kama ƙasa ya je ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji dan manyan kwastomomi basa ba mara takarda aiki. Bayan bazara ɗaya ta wuce kin ga yadda kayansa suka jure, sai ki duba ko za ki ƙara. Sauran miliyan 2 ɗin, wani ki ƙarfafa atamfarki da kika sani kamar tafin hannunki, wani ya zauna inda hannunki zai kai cikin dare.

Wani abu da baki fayyace min ba kuma yana da nauyi, shanun nan biyu naki ne ke kaɗai ko akwai rabon yaran a ciki? In akwai haƙƙin marayu ko na ƙafar saniya ɗaya ne, ki ware shi gefe da shaidu, kar ya shiga ko wajen ɗan yayarki balle aplikasiyon.

Saura ƙanin maigida. Ni ban ɗauka yana son cutarki ba Hajiya, mutumin da ya tsaya kan marayun ɗan'uwansa shekara biyu, inaga shi ma ruɗarsa akayi kuma yana ganin alheri ne yake jawo ki ciki. Dan haka kar ki kira abin damfara a gabansa, namiji in aka nuna masa an yi masa wayo gaban matar wansa sai ya ƙara ƙanƙame abin. Ki same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci, ki ce Baban yara na gode da ka tuna da ni, amma kuɗin nan na yi niyyar ba zan sa su inda idona baya gani ba saboda yaran nan, ko wajen ɗan yayata ma kaɗan zan saka sai na gwada shi. Sannan ki roƙe shi alfarma ɗaya, ki ce dan hankalinki ya kwanta ya gwada cire uwar kuɗinsa gaba ɗaya a satin nan, ba riba ba, duka abinda ya saka. In suka fito alhamdulillahi ya tsira, ya bar su a waje. In aka fara ce masa sai ya biya wani kuɗin buɗe kont, ko sai ya kawo mutum biyu, ko tsarin yana gyara, ki ce masa dan Allah kar ya ƙara musu ko sisi da sunan fito da na ciki, ya adana hotunan duk saƙonnin da lambobin da ya tura wa kuɗi ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da duk wanda shi ya shigar tun kafin su ƙara zubawa.

In kin zagaya wajen mutum ukun nan ki sake rubuto min abinda suka ce, musamman awa nawa batiran suke riƙewa yanzu da inda aka ajiye su, da sunan kayan da ke rubuce a jiki, sai mu duba tare kafin ki miƙa masa kuɗin. Allah ya miki zaɓin alheri, ki gaida yaran.